Tsohon Katin Millet: Mai Launi Za Ka Saya Ko Baƙi-da-Fari?

Duk wanda ya tashi a karkara ya san kala. An gama girbi, an ɗaure dammuna an kwashe, sai mata da yara su bi gonar suna tsintar abin da ya zube. Abin da Jean-François Millet ya zana ke nan a 1857: mata uku a gonar alkama a Faransa, biyu sun duƙa hannunsu na taɓa ƙasa, ta ukun ta ɗan ɗago da 'yan zangarniyoyi a hannu. Can nesa a bayansu ga tarin amfanin gona, ga keken ɗaukar kaya, ga wakilin mai gona a kan doki yana duba ma'aikata. Zanen nan da Faransawa ke kira Les Glaneuses shi ya ja ni cikin tara tsofaffin katunan gidan waya. Yanzu ina da shi a bugu iri uku, kuma in na jera su a kan tabarma sai ka ce ba daga zane ɗaya aka ɗauko su ba.

Wanda zai fara wannan tari da kuɗi kaɗan, zaɓin da zai fara cin karo da shi ke nan. Akwai katin baƙi-da-fari da aka buga a Faransa kafin yaƙin 1914. Akwai mai launi na wannan zamanin, galibi bugun Jamus. Akwai kuma katin kantin gidan tarihi na bayan yaƙin duniya na biyu. Ba za ka iya bin duka ukun lokaci ɗaya ba in kana son tarinka ya yi ma'ana, don haka gara ka san abin da kowanne zai ba ka da abin da zai hana ka.

Masu zanen da irin wannan tari ya shafa su ne waɗanda, daga wajen 1848, suka bar zana sarakuna da yaƙe-yaƙe da tatsuniyoyin Girkawa suka koma kan talaka da aikinsa. Gustave Courbet ya zana masu fasa dutse da jana'izar ƙauyensu. Millet ya zana manoma. Honoré Daumier ya zana fasinjojin tarago mai aji na uku, Rosa Bonheur kuma shanun huɗa da kasuwar dawaki. Daga baya Jules Breton da Léon Lhermitte da Jules Bastien-Lepage suka bi sawu. Lokacin da yayin aika kati ya kai ganiyarsa, tsakanin 1900 da 1914, an daina yi wa waɗannan zane-zane kallon abin tayar da hankali. Sun shiga gidajen tarihi na gwamnati, kuma duk baƙon da ya je Paris yana son ya aika gida da hotonsu.

Baƙi-da-fari, bugun Faransa

In ka duba ƙasan katin za ka ga haruffa biyu, LL ko ND. LL alamar kamfanin Lévy ce, ND kuma ta 'yan'uwa Neurdein, kamfanoni biyu na Paris da suka haɗe bayan yaƙin duniya na farko. Na ukunsu shi ne Braun, gidan da Adolphe Braun ya kafa a Dornach kusa da Mulhouse, wanda tun shekarun 1880 ya sami izinin ɗaukar hoton kayan Louvre, babban gidan tarihin Paris, a hukumance. Girman katin santimita 9 ne a 14. Launinsa baƙi da fari, wani lokaci ruwan ƙasa.

Yadda ake buga shi ne ya sa nake ƙaunarsa. Faransawa na kiran hanyar fototipi. Ana shafa wani sinadari mai kama da ƙaro a kan farantin gilashi, a haska masa hoton, in ya bushe sai fuskarsa ta yi tsaga-tsaga ƙanana waɗanda su ke riƙe tawada. Ɗora gilashin ƙara girma a kan katin, za ka ga tawadar ta kwanta kamar 'yan tsutsotsi masu lanƙwasa, babu layin ɗigo ko ɗaya. Shi ya sa inuwa ke sauka a hankali daga duhu zuwa haske kamar hoton gaske. A katina na LL ina iya ganin mahayin dokin nan na nesa, wanda bai fi kan ashana ba, ina kuma ganin kaurin yatsun matar tsakiya. Daga hoton zanen kansa aka yi farantin, babu hannun wani mai gyara da ya sake zana fuska ko ya miƙe layi.

Abin da ka rasa kuwa ba ƙarami ba ne. Millet ya ba matan nan ɗankwali daban-daban, ɗaya shuɗi, ɗaya ja, ɗaya mai ruwan ɗorawa, ya kuma zuba hasken kaka mai zafi a bayansu alhali su suna cikin inuwa. A baƙi-da-fari duk wannan ya koma toka-toka. Farantan ɗaukar hoto na wancan lokaci ba sa ganin ja sosai, sai ya fito da duhu fiye da yadda yake, shuɗi kuma ya fito da haske. Kana kallon ƙashin zanen ne, tsokar ta tafi.

Sai dai katin nan yana faɗa maka shekarunsa da bakinsa, kuma wannan ne babban daɗin tara shi. Juya bayansa. In babu layin da ya raba shi biyu, duk filin na adireshi ne, to an buga shi kafin 1904, domin a ƙarshen 1903 ne Faransa ta yarda a raba bayan kati, hagu saƙo dama adireshi. Ingila ta riga ta tun 1902, Jamus ta biyo a 1905, Amurka sai 1907. Irin waɗannan na farko sukan bar farin fili a gefen hoton inda mai aikawa zai matse 'yan kalmominsa. Daga nan ka karanta rubutun da ke ƙarƙashin hoton. Zanen masu kala ya shiga Louvre ne a farkon shekarun 1890 ta wasiyyar Madam Pommery. L'Angélus, wanda ke nuna miji da mata sun tsaya addu'ar Kirista a gonar dankali da jin ƙararrawar coci, ya bi wata hanya dabam: an yi gwanjonsa a 1889 kan faran 553,000, kuɗin Faransa na lokacin, ya tafi Amurka, attajiri Alfred Chauchard ya sayo shi ya dawo da shi Faransa, ya rasu a 1909 ya bar wa Louvre. Saboda haka katin da aka rubuta wa L'Angélus tare da sunan Louvre ba zai girmi 1909 ba. Haka babban zanen Courbet na ɗakin aikinsa, L'Atelier du peintre, sai 1920 Louvre ta mallake shi. Shanun huɗar Rosa Bonheur da zanen Lhermitte na biyan ladan masu girbi kuwa, tsofaffin katunansu sunan gidan tarihi na Luxembourg da ke Paris suke ɗauke da shi, domin a lokacin can ake ajiye aikin masu zane na zamanin.

Ga arha. An buga su da yawan gaske, kuma masu tara kati a Faransa hankalinsu ya fi karkata ga hotunan ƙauyukansu da tashoshin jirgi da tsofaffin sana'o'i. Katin zane ba ya cikin abin da ake rububi. Sau da yawa kuɗin aiko mini da kati ya fi kuɗin katin kansa.

Mai launi

In ana maganar katin zane mai launi na kafin 1914, sunan da zai fara fitowa shi ne kamfanin Stengel na birnin Dresden a Jamus. Riƙe ɗaya a hannu, za ka ji bambanci tun kafin ka duba hoton. Takardar ta fi kauri, fuskar tana ɗan sheƙi, tawadar ta zauna daram. Da yawansu akwai taƙaitaccen tarihin mai zanen a baya. Bugun dutse ne: kowane launi da nasa farantin, ana bugawa ɗaya bayan ɗaya har a kammala, kuma kati ɗaya kan bi ta ƙarƙashin injin sau goma ko fiye. A gilashin ƙara girma za ka ga ɗigo-ɗigo marasa tsari, launi a kan launi, kamar an yayyafa.

Na Stengel ɗina ya fi sauran biyun kyau a ido, babu musu. Duk wanda ya shigo ɗakina shi yake fara ɗauka. Kuma bayan shekara ɗari da wani abu launinsa bai kwanta ba.

Amma launin na waye? Ma'aikacin maɗaba'a ne ya raba launukan da idonsa da gwanintarsa, shi ya yanke shawarar yawan ja da yawan shuɗi. A katina sararin sama ya fi na Millet shuɗi, gonar ta fi zinariya, tufafin matan sun fi tsabta. Gajiyar da ke cikin zanen ta ragu, abin ya zama mai daɗin kallo. Millet kuwa bai zana matan nan don su yi daɗin kallo ba. A 1857 masu kuɗin Paris sun ji haushin zanen ne saboda ya nuna musu talauci ƙuru-ƙuru a tsakiyar yalwa. Wanda ya san masu kala ta katin Stengel kaɗai, rabin labarin ya ji. Wannan shi ya sa, duk da ina son katin, ba na ba wa mai farawa shawarar ya gina tarinsa a kansa.

Kada ka haɗa bugun dutse da wani mai launi da ya zo kusan lokaci ɗaya, wato bugun launi uku, irin na gidan Lapina a Paris. Shi daga hoto ake raba launukan, ja da ɗorawa da shuɗi, kuma a gilashi za ka ga ɗigon sun jeru reras kamar saƙar raga. Ya fi kusa da ainihin zanen ta wajen siffa, amma sau da yawa launin kan yi dishi-dishi, in kuma faranti ɗaya ya ɗan goce sai gefen fuska ya yi inuwa biyu. Kafin ka sayi irin wannan, nemi a turo maka hotonsa babba ka duba gefen hannu da fuska.

Kuɗin mai launi ya ɗara na baƙi-da-fari, kuma lahani ya fi nunawa a jikinsa. Kusurwa in ta lanƙwashe, tawadar kan tsage ta bar farin layi wanda ba ya gyaruwa. Yaƙin 1914 ya yanke wa maɗaba'un Jamus kasuwanninsu na waje, irin wannan aiki mai cin lokaci bai sake komawa yadda yake ba.

Na kantin gidan tarihi

Waɗannan ba sa buƙatar dogon bayani. Daga shekarun 1950 katin ya ƙara girma zuwa kusan santimita 10 a 15, ya zama mai sheƙi, gidaje irin su Braun da Hazan da hukumar gidajen tarihin Faransa suna buga shi. Launinsa ne ya fi kusa da gaskiya cikin ukun, shi ne kuma mafi arha. In burinka ka san zanen, ka nuna wa ɗalibai, ko ka liƙa a bango, saya shi kai tsaye kada ka wahalar da kanka. Abin lura ɗaya: an buɗe gidan tarihi na Orsay a Disamba 1986 aka kwashe Millet da Courbet can, don haka duk katin da ke da sunan Orsay a baya bai girmi 1986 ba, komai tsufan da ya nuna. Hasken rana kuma yana cinye jan da ɗorawar irin wannan bugu ya bar shi shuɗi-shuɗi.

Wanda aka aika ko wanda ba a taɓa rubutu a kai ba?

Nan ma masu tari sun rabu. Wasu ba sa son ko ɗigon tawada. Ni kuwa wanda ya yi tafiya nake nema, musamman a baƙi-da-fari, kuma ga dalilina.

Katina na LL an aika shi a 1908. Kan sarkin ba a baya yake ba, a kan hoton aka manna shi, a kusurwar sama, kamar yadda Faransawan lokacin suka saba yi don wanda zai sa katin a albam ya riƙa ganin kan sarki da hatimi ba sai ya juya ba. Kore ne, na santim 5 (ƙaramin kuɗin Faransa na lokacin), abin da ake biya a wancan zamani in saƙon bai wuce kalma biyar ba. Mai dogon saƙo santim 10 yake biya, ja. A bayan katin gaisuwa ce ta kalma uku da sa hannu. Hoton da ke jikin kan sarkin kuma mace ce tana tafiya tana watsa iri, Semeuse, wadda Oscar Roty ya tsara, aka fara sa ta a kan sarki a 1903. Mai shuka a sama, masu kala a ƙasa, a fili ɗaya da bai fi tafin hannu ba. Sabon kati fil ba zai ba ka wannan ba, ba zai kuma ba ka ranar da hatimi ya buga ba, wadda ita ce shaidar da ta fi kowace ƙarfi a kan shekarun kati.

A mai launi ra'ayina ya juya. Tunda kyan fuskar ake saya, hatimin da ya faɗo a kan hoton asara ce, sai ka nemi wanda kan sarkinsa ke baya ko wanda ba a aika ba.

Hatimi na kuma kare ka daga jabu. Na taɓa sayen wani kati daga hannun wani mai sayarwa a intanet da ya ce na kafin yaƙin farko ne. Da ya iso, bayansa fari fat, santsi kamar takardar ofis. Na sa gilashi sai ga ɗigo sun yi da'ira-da'ira kamar furanni, alamar injin zamani. Na haska shi da fitilar nan da ake duba jabun kuɗi, sai ya yi walƙiya shuɗiya, domin takardar bayan shekarun 1950 ana sa mata sinadarin ƙara fari, tsohuwa kuwa ba ta amsa wannan haske. Tun daga ranar ba na biyan kuɗi sai na ga hoton baya. Masu sayarwa na Faransa suna amfani da gajerun haruffa: CPA na nufin tsohon kati na farkon ƙarni, CPSM na tsakiya, CPM na zamani. Da su za ka yi bincike a Delcampe, kasuwar masu tari da aka kafa a Beljiyam, ko a eBay, ka haɗa da sunan mai zanen. Wanda ya sami zuwa Paris kuma, akwai masu akwatunan littattafai a bakin kogin Seine da kasuwar kan sarki ta Carré Marigny, inda za ka taɓa katin da hannunka kafin ka saya.

Wata shawara ga mai sayen kati a dunƙule: tarin da aka rubuta wa Salon de Paris, wato baje kolin zane-zane na Paris, yakan zo cike da zanen tsiraici, shi ma Courbet yana da irin waɗannan. In ba ka son su shigo gidanka, sayi ɗaiɗai da suna.

Wane mai zane ne ya dace da kati?

Mutane ba su cika tunanin wannan ba, alhali yana iya sauya zaɓin bugun gaba ɗaya. Zanen masu kala bai fi santimita 84 a 111 ba, L'Angélus ma bai kai haka ba, kuma mutum biyu ko uku ne manya a gaba. In an matse su a kati ba su rasa komai na siffa. Jana'izar Ornans ta Courbet kuwa ta haura mita 3 a tsaye da mita 6 a kwance, mutum sama da 40 a jere, yawancinsu cikin baƙaƙen kaya. A kati sai ta zama siririn zare mai duhu da farin fili sama da ƙasa, fuskokin da Courbet ya zana ɗaya bayan ɗaya daga mutanen garinsu su koma ɗigo. Launi ba ya cetonta. In dole sai ka mallake ta, fototipi mai kyau ne kaɗai zai bar maka fuskokin. Kasuwar dawakin Rosa Bonheur, wadda ke New York, ita ma ta haura mita 5, amma fararen dawakin tsakiya suna fitowa ko a ƙaramin fili. Breton da Lhermitte sun fi karɓar launi, domin hasken yamma ne ƙarfin aikinsu. Daumier kuwa asalinsa mai zanen jarida ne da baƙar tawada, baƙi-da-fari ba ya rage masa abu mai yawa.

Sannan ka tuna inda za ka ajiye su. Damina na kawo laima, laima na kawo hunhuna da ɗigon tsatsa a takarda, kuma kati mai sheƙi in ya ji danshi yakan manne da na kusa da shi, ka zo rabawa fuskar ta ɗaye. Fototipi mara sheƙi ya fi jure wannan. Hunturu na busar da kati ya lanƙwashe, ga ƙura, ga gara da kyankyaso da ba sa barin takarda. Ni a akwatin ƙarfe mai murfi nake ajiye nawa, a tsaye, kowanne cikin rigarsa, nesa da ƙasa da bango. Kada gam ko salatif su kusance su, kada kuma ka sa su a albam mai leda mai taushi da wari, domin irin wannan leda na jan tawada.

Da ƙanena ne ya tambaye ni, zan ce masa ya ɗauki zane ɗaya na Millet ya bi shi a baƙi-da-fari na Faransa, waɗanda aka aika: ɗaya mai bayan da ba a raba ba, ɗaya LL, ɗaya ND, ɗaya Braun. Sai ya ƙara Stengel guda don ya ga yadda Jamusawa suka yi masa ado, da na kantin gidan tarihi guda don ya san ainihin launin. Kati shida ke nan, kuma a nemi mai sayarwa ɗaya ya haɗa su a ambulan ɗaya don rage kuɗin aikowa. Wanda kuma ya san a ransa cewa launi ne ke burge shi, ya bi Stengel, amma ya ajiye na zamani kusa yana gwadawa.

Zane ɗaya ne duk wannan lissafi bai shafa ba. Masu fasa dutse na Courbet, Les Casseurs de pierres, wanda ya zana a 1849: tsoho ya durƙusa da guduma, yaro ɗauke da kwandon tsakuwa, duka biyu ba a ganin fuskarsu, cikin yagaggun kaya. Yana gidan tarihin Dresden ne har 1945, lokacin da aka yi wa birnin ruwan bama-bamai, ya hallaka a cikin motar da ke ƙoƙarin fitar da shi. Babu bangon da za ka je ka tsaya a gabansa. In ka ci karo da katinsa da aka buga kafin wannan shekara, mai launi ne ko baƙi-da-fari, an aika ko ba a aika ba, ko da kusurwarsa ta karye, ka saya.